Yadda Za Ka Gane Ko Kamfanin Intanet Ne Ke Cusa Maka Talla, da Matakin da Doka Ta Ba Ka Damar Ɗauka

Ba kowane tallan da ke bayyana a shafin intanet ne mai shafin ya sa shi ba. Tsakanin wayarka da kwamfutar da ke riƙe da shafin akwai hannuwa da yawa da saƙo ke ratsawa, tun daga rautar gida ko ta ofis, zuwa na'urorin otel ko gidan abincin da ya ba ka Wi-Fi, har zuwa kamfanin da ka sayi data a wurinsa. Idan shafin ya taho ta tsohuwar hanyar HTTP, wadda ba ta kulle bayanai, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya karanta shi, kuma yana iya ƙara masa layi ɗaya ko biyu na JavaScript, wato rubutun umarni da burauza ke aiwatarwa, kafin ya iso gare ka. Wannan ɗan layin shi ne ke janyo talla daga wani wuri dabam ya shimfiɗa shi a kan abin da kake karantawa. Abin ya yi kama da ka ba direba saƙo a tashar Jabi ya kai Kano, ka biya shi kuɗinsa cif, shi kuwa ya farke ambulan a hanya, ya karanta wasiƙar, ya cusa takardar tallan wani ɗan kasuwa da ya biya shi, sannan ya miƙa ta kamar haka ta fito daga hannunka.

An sha kama kamfanoni da wannan aiki a ƙasashe daban-daban. A ƙarshen 2007 an ga kamfanin Rogers na Kanada yana liƙa saƙonsa a saman shafin farko na Google. A 2008 masu bincike na Jami'ar Washington suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa adireshin intanet kusan 50,000, inda suka tarar da cewa fiye da kashi 1 cikin 100 an sauya musu shafin kafin ya isa burauza, kuma a cikin masu sauyawar har da kamfanonin intanet masu cusa talla. A 2014 aka gano Comcast na Amurka yana saka tallansa a shafukan masu amfani da Wi-Fi ɗinsa na wuraren taruwar jama'a. A Maris na 2018 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta ba da rahoton na'urorin da ke kan layukan Telecom Egypt a Masar, waɗanda ke karkatar da mutane zuwa shafukan talla da na haƙar kuɗin kirifto ba da saninsu ba.

Duk da haka, yau mafi yawan manyan shafuka sun koma HTTPS, wadda ke kulle saƙo tun daga wayarka har zuwa inda shafin yake, ta yadda kamfanin da ke tsakiya yana iya ganin inda ka nufa amma ba ya iya taɓa abin da ke ciki. Saboda haka idan talla ya dame ka, galibi mai laifin yana cikin wayar ne ko kwamfutar. Wani bincike da Google ya yi tare da wasu jami'o'in Kalifoniya a 2015 ya gano cewa kashi 5.5 cikin 100 na adireshin da ke ziyartar shafukansa suna ganin tallan da aka cusa, kuma tushensa manhajoji ne da ke zaune a kan na'urorin mutanen. Wanda ya kai ƙarar kamfani kafin ya binciki wayarsa zai sha kunya, kuma zai sa a raina ƙorafin wanda zai zo bayansa da hujja ta gaskiya.

Ka fara da wayarka kafin ka tuhumi kowa

Ka lura da inda tallan yake fitowa. Idan yana zuwa ne a saman waya cikin jerin sanarwa, ko da ba ka buɗe burauza ba, to mai yiwuwa ka taɓa danna amincewa a wani shafi da ya nemi izinin aiko maka da sanarwa. Ka danne sanarwar da yatsa na ɗan lokaci, wayar za ta nuna maka manhajar da ta aiko ta. Idan Chrome ne, ka shiga saitinsa, ɓangaren shafuka, ka buɗe jerin waɗanda ka ba izinin sanarwa, ka goge duk wanda ba ka san shi ba. Idan kuwa tallan yana rufe fuskar wayar baki ɗaya kana tsakiyar kira ko kana duba hotuna, to wata manhaja ce da ta samu izinin bayyana a saman sauran manhajoji, kuma sau da yawa irin waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya ne, ko masu alƙawarin share waya, ko na burauzin kyauta. Ka kunna wayar a yanayin da ake kira "Safe mode", wanda ke dakatar da duk manhajar da ba tare da ita wayar ta zo ba. A wayoyin Android da yawa ana samunsa ta hanyar danne maɓallin kashewa, sannan a danne alamar kashewar da ta fito a fuska. Idan tallan ya ɗauke a wannan yanayi, ka gano gidan matsalar, sai ka riƙa cire manhajojin da ka saka kwanan nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda abin ya fi ƙarfinsa yana iya kai wa mai gyaran da ya yarda da shi a Banex ko wata kasuwar waya, amma ya tsaya a yi aikin a gabansa.

A kwamfuta, ka duba ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza, ka kashe su duka, ka sake gwadawa. Tallan da ke zuwa ta saƙon tes kuma wani babi ne dabam, kuma maganinsa shi ne aika STOP zuwa 2442, lambar da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta tanada don hana saƙonnin da ba a nema ba.

Akwai abubuwa biyu da suka yi kama da cusa talla amma hukuncinsu ya bambanta. Na farko shi ne shafin maraba da otel ko filin jirgin sama ke nunawa kafin ya bar ka ka hau Wi-Fi ɗinsa, wanda shafinsu ne na kansu, kuma suna da ikon saka abin da suka ga dama a kai. Na biyu shi ne shafin da kamfanin waya ke tura ka idan datarka ta ƙare. A duka biyun ba a taɓa shafin wani ba. Matsalar da ake magana a kanta ita ce a buɗe shafin da ka nema, a ƙara masa abin da mai shi bai sa ba.

Gwajin da ke nuna hannun kamfanin

Bayan ka tabbata wayar tana da tsabta, kana buƙatar shafin da ka san babu talla a cikinsa ko kaɗan, kuma wanda ke buɗewa ta HTTP. Shafin example.com, wanda hukumar IANA ke kula da shi, 'yan layukan rubutu ne kawai a kan farin fili. Ka rubuta adireshin cikakke, http://example.com, sannan ka taɓa wurin adireshin ka tabbata burauzar ba ta mayar da shi https da kanta ba. Idan ta mayar, ka gwada neverssl.com, wanda aka gina shi musamman don ya tsaya a kan HTTP. Duk wani hoto, ko akwati mai yawo a ƙasan fuska, ko sabon shafi da ya buɗe kansa a nan, daga hanya ya shigo.

Sai ka maimaita gwajin da waya ɗaya, burauza ɗaya, shafi ɗaya, kana sauya layin intanet kaɗai. Ka gwada da Wi-Fi ɗin da kake zargi, ka kashe shi ka gwada da data, in kana da layi biyu ka gwada kowanne. Tallan da ke bin ka duk layin da ka hau yana cikin wayarka. Wanda ke fitowa a layi ɗaya kawai ya ɓace a sauran, na wannan layin ne. Ka yi gwajin sau da yawa a lokuta daban-daban, domin na'urorin cusa talla ba lallai ne su taɓa kowane shafi ba, wasu sukan yi sau ɗaya su yi shiru na tsawon sa'o'i.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin rubutun da aka gina shafin da shi. A kwamfuta, danna Ctrl da U tare yana buɗe shi, a Chrome na Android kuwa sai ka rubuta view-source: a gaban adireshin. Ka kwafe abin da ka gani a layi na farko ka adana, ka yi haka a layi na biyu, ka jera su. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba kafin ka gane bambancin: ka nemi kalmar script ko iframe, musamman a farkon rubutun ko daf da ƙarshensa, ka duba ko akwai wani adireshi baƙo, ko jerin lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, wanda ke cikin kwafi ɗaya amma babu shi a ɗayan. Wanda ya saba da baƙin allon umarni na kwamfuta yana iya rubuta curl -i http://example.com, wanda ke ɗauko shafin ba tare da burauza ba, kuma hakan yana rufe bakin duk wanda zai ce burauzarka ce ta lalace.

Akwai wata dabara ta biyu da ake yi ta hanyar DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Ka ƙirƙiri sunan da babu shi, haruffa barkatai masu tsawo da .com a ƙarshe. Abin da ya kamata ka gani shi ne saƙon burauza cewa ba a samu shafin ba. Idan aka kai ka wani shafin bincike cike da talla, to mai ba ka DNS yana sayar da kuskuren yatsanka. Kamfanin VeriSign ya taɓa yi wa duk masu neman adireshin .com da .net haka a Satumba na 2003, sai da hukumar ICANN ta tilasta masa dainawa cikin 'yan makonni.

Idan Wi-Fi na gida ne ya faɗi gwajin, kada ka yi saurin yanke hukunci a kan kamfanin, domin rautar kanta ana iya yi mata kutse. Ka shiga saitinta ta adireshin da ke rubuce a jikinta, wanda sau da yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, ka duba ko an sauya lambobin DNS, ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita. Idan bayan wannan tallan bai daina ba, kuma wani abokinka mai amfani da kamfanin a wata unguwa, a ce kai kana Gwarinpa shi yana Nyanya, ya ga irin abin da ka gani, to hujjarka ta tsaya da ƙafafunta.

Abin da doka ta tanada

A Nijeriya maganar tana taɓa dokoki da dama, kuma kusan dukkansu suna komawa ga tambaya guda: shin an nemi izininka? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta fi shiga cikin batun kai tsaye. Sashe na 12 ya haramta tare bayanan kwamfuta da ba na jama'a ba suna kan hanya, da gangan kuma ba tare da izini ba, kuma hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ne, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Sashe na 16 ya haramta sauya bayanan da ke cikin kwamfuta ko layin sadarwa ba tare da ikon doka ba, da ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce Naira miliyan 7 ba, ko duka biyun. Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron waɗannan laifuka.

Kamfanin da aka kama zai kare kansa da cewa bayanan ta na'urorinsa suke bi dama, kuma ka amince da sharuɗɗansa ranar da ka sayi layin. Wannan kariya tana da nauyi, shi ya sa ya kamata ka nemi kwafin sharuɗɗan ka karanta kafin ka yi magana. Amma a ganina izinin ɗaukar saƙo bai ƙunshi izinin buɗe shi da yi masa ƙari ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙarfafa wannan fahimta. A ƙarƙashinta amincewa sai ta kasance da son ran mutum, a kan abu takamaimai, bayan an yi masa bayani, kuma shiru ba ya zama amincewa. Sashe na 36 ya ba ka ikon ƙin a yi amfani da bayananka wajen tallata maka kaya, kuma da zarar ka ƙi dole a daina. Idan kamfani yana duba shafukan da kake ziyarta don ya zaɓo tallan da zai dace da kai, ya shiga hurumin wannan doka, wadda tararta ga manyan masu riƙe da bayanai takan kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

NCC ma tana da nata ƙa'idojin. Kundin Ƙa'idojin Intanet da ta fitar a 2019 ya wajabta wa kamfanoni su bayyana wa abokan hulɗarsu yadda suke sarrafa zirga-zirgar bayanai, ya hana su toshe halattattun shafuka ko nuna musu bambanci, ya kuma ɗora musu nauyin kare sirrin masu amfani da layukansu. Ban da wannan, dokar ARCON, hukumar kula da harkar talla, ta 2022 ta ce sai an tantance talla kafin a nuna wa 'yan Nijeriya shi.

Yadda aka yi a wasu ƙasashe yana nuna inda hukunci yakan karkata. Kamfanin BT na Birtaniya ya gwada fasahar Phorm, mai bin diddigin shafukan da mutum ke ziyarta don zaɓo masa talla, a kan abokan hulɗarsa a 2006 da 2007 ba tare da ya sanar da su ba, lamarin da ya sa Hukumar Tarayyar Turai ta fara ɗaukar matakin shari'a a kan Birtaniya a 2009. A 2015 Tarayyar ta yi dokar da ta hana kamfanonin intanet sauya abin da ke ratsa layukansu, sai a 'yan wurare da aka keɓe. A Amurka, hukumar sadarwa ta FCC ta ci kamfanin waya na Verizon tarar dala miliyan 1.35 a 2016 saboda wata ɓoyayyiyar lamba da yake liƙa wa zirga-zirgar abokan hulɗarsa don amfanin masu talla, ta kuma wajabta masa neman amincewarsu kafin ya ba wasu kamfanoni ita.

Mai shafi ma an zalunce shi, watakila fiye da mai karatu. A ce wata makarantar Islamiyya a Kubwa ta buɗe shafi don iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu, sai uba ya buɗe ya ga tallan caca ko hoton da bai dace ba a ƙarƙashin sunan makarantar. Ba zai tuhumi kamfanin intanet ba, malaman zai tuhuma, alhali ba su ga tallan ba kuma ko kwabo bai shiga hannunsu ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ba mai aiki ikon ƙin a jirkita aikinsa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci, kuma wannan ƙofa ce da lauyan mai shafi zai iya dubawa.

Toshe hanyar

Kariya mafi sauƙi ita ce ka hana burauzarka buɗe shafukan HTTP ba da saninka ba. A Chrome ka shiga saitin tsaro ka kunna "Always use secure connections", a Firefox kuma akwai "HTTPS-Only Mode" tun 2020. Tun Yulin 2018 Chrome yake yi wa shafukan HTTP alamar rashin tsaro, amma a 2023 ya cire alamar kwaɗon da mutane suka saba gani, don haka rashin ganin kwaɗo ba ya nufin shafin a buɗe yake. Ka taɓa adireshin ka ga ko da https ya fara. Don maganin DNS, wayoyin Android daga na 9 zuwa sama suna da "Private DNS" a saitin sadarwa, inda za ka rubuta dns.google ko one.one.one.one.

VPN, wato manhajar da ke kulle bayananka ta bi da su ta kwamfutar wani kamfani dabam, yana ɓoye zirga-zirgarka daga kamfanin intanet, amma yana miƙa ta ne ga mai VPN ɗin. Wani bincike na 2016 a kan manhajojin VPN 283 na Android ya samu wasu daga cikinsu suna cusa JavaScript na talla da kansu, saboda haka na kyauta da ba ka san mai shi ba zai iya zama mafi muni daga abin da ka gudo. Haka kuma idan wani Wi-Fi na waje ya ce sai ka saka takardar shaidarsa ta tsaro a wayarka kafin ka hau, kada ka yarda, domin da irin wannan takarda ake buɗe HTTPS ɗin kanta. Da ita manhajar Superfish, wadda aka gano a kwamfutocin Lenovo a 2015, take cusa talla har a shafukan da ke kulle.

Idan kai ne mai shafi, ka sa wanda ya gina maka shi ya saka takardar shaidar Let's Encrypt, wadda kyauta ce kuma ana iya saita ta ta riƙa sabunta kanta, ya tura duk mai zuwa ta http zuwa https, ya kuma kunna HSTS don burauza ta daina gwada tsohuwar hanya.

Kai ƙorafi

Ka tattara hujjarka wuri ɗaya: hotunan fuskar waya da ke nuna adireshin shafin da lokaci da alamar layin da kake kai, ɗan gajeren bidiyon gwajin, kwafi biyu na rubutun shafin, da ranakun da abin ya faru. Idan ka taɓa tallan bisa kuskure kuma katinka ya fara raguwa, ka danna *305# ka duba ko an yi maka rajistar wata hidima, ka soke ta, ka adana saƙonnin cire kuɗin.

Tsarin NCC shi ne ka fara da kamfanin. A layukan waya lambar kula da abokan hulɗa ita ce 300, amma ya fi kyau ka haɗa da rubutacciyar wasiƙa ko imel, ka bayyana abin da ka gani, ka tambaye su ƙarara ko suna ƙara wani abu a shafukan da ke ratsa layinsu da kuma sharaɗin da ya ba su damar yin haka, ka kuma rubuta cewa ba ka amince a yi amfani da bayananka don talla ba. Kada ka bar wurin sai an ba ka lambar ƙorafi. Idan ba su amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kira 622, layin NCC na kyauta, ka ba da wannan lambar, ko ka kai takardarka hedikwatar hukumar da ke titin Aguiyi Ironsi a Maitama, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan ƙaramin kamfani ne da ke raba Wi-Fi a rukunin gidajenku, ka duba sunansa a jerin masu lasisi da NCC ke wallafawa a shafinta, kuma idan babu shi ka ambaci hakan a takardar. Ɓangaren da ya shafi bin diddigin shafukan da kake ziyarta na Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya ne, NDPC, wanda ya shafi yaudarar mai saye kuma na hukumar kare masu saye ne, FCCPC, dukkansu kuwa a Abuja hedikwatarsu take. Duk ranar da kamfanin ya ce ya gyara, ka maimaita gwajin example.com na wasu kwanaki a lokuta daban-daban kafin ka amince a rufe ƙorafin.